Raƙuman Dawan Kure da Manoman da Suka Zauna da Su

 Shirinmu na yau zai leƙa Jamhuriyar Nijar, wani yanki da ke kudu maso gabashin birnin Yamai, inda dabbar da ta fi kowace dabba tsawo a doron ƙasa take kiwo a tsakiyar gonakin gero, ba tare da an ɗaga mata sanda ba.

Duk wanda ya kama hanyar Dosso daga Yamai, idan ya ci kimanin kilomita 60 zai iso Kure. Ƙasar Zabarmawa ce, ga rugagen Fulani jefi-jefi. Ba a kewaye wurin da shinge ko waya ba. Gonaki ne da rijiyoyi da rumbuna, da yara masu kora awaki. Amma matafiyin da ya yi sa'a zai hango dogayen wuyoyi sun zarce kan itatuwa, suna tafe a natse, wani lokaci ma su tsallaka kwalta a gaban mota. Waɗannan su ne raƙuman dawan Afirka ta Yamma, waɗanda zanen jikinsu ya fi na 'yan'uwansu na gabashin Afirka haske. Duk faɗin duniya babu inda suka rage sai ƙasar Nijar.

Da can ba haka abin yake ba. Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, wannan iri na raƙumin dawa yana yawo tun daga Senegal, ya ratsa Mali da Nijar da arewacin Najeriya, har ya dangana da gaɓar Tafkin Chadi. Masu sauraronmu na Najeriya su riƙe wannan: ƙasusuwan da masanin dabbobi ɗan Ingila, Oldfield Thomas, ya duba a shekarar 1898 har ya rubuta cewa wannan iri ne na daban, daga wajen Lakwaja aka kai masa su, inda kogin Kwara ya haɗu da Binuwai. Yau duk wanda ya ce ya ga raƙumin dawa a dajin Lakwaja, ba mai yarda da shi.

Bindiga ce ta fara cin su. Ana son naman, ana son fatar, har gashin wutsiyar yana da masu nema. Noma ya biyo baya, dazuzzuka suka koma gonaki. Sai fari ya zo ya ƙarasa, na farkon shekarun 1970 da kuma na 1984, wanda har yanzu tsofaffi a Sahel ba su manta da shi ba. Itatuwa suka bushe, mutane suka shiga yunwa, mai jin yunwa kuwa ba ya kallon nama yana wucewa ya ƙyale. Garken da ke yankin Ansongo da Menaka a ƙasar Mali ya ƙare. Waɗanda ke wajen Ayoru, kusa da iyakar Nijar da Mali, suka gangaro kudu suna neman ganye, har suka yada zango a tudun Kure da kwarin Dallol Boso.

A shekarar 1996 aka ƙirga su, aka sami 49. A wannan shekarar ce kuma, zamanin mulkin Ibrahim Bare Mainasara, aka yi yunƙurin kama wasu domin a kai wa shugabannin ƙasashe maƙwabta kyauta. Kamun raƙumin dawa aikin gwanaye ne, waɗanda aka tura kuwa ba su san kansa ba, dabbobi da dama suka mutu a hannunsu.

Abin da ya sa wannan adadi ya tayar da hankalin masana shi ne, raƙumin dawa ba ya saurin yaɗuwa. Macen sai ta kai shekara huɗu ko biyar kafin ta yi haihuwar fari. Cikinta wata 15 ne, kuma ɗa guda take haifa. A tsaye take haihuwa, jaririn ya faɗo ƙasa, kafin awa guda ya miƙe da ƙafafunsa, tsawonsa ya kusa mita 2. Tsakanin haihuwa da haihuwa akan yi kusan shekara biyu. Garken da bai kai 50 ba, idan aka rasa mata biyar a shekara ɗaya, sai an daɗe ba a cike gurbinsu ba. Ga shi kuma babu wasu a ajiye a wani wuri. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa raƙuman dawan da gidajen namun daji na Turai ke riƙe da su da sunan na Afirka ta Yamma, ashe irin Kordofan ne, wato dangin waɗanda ke gandun Waza a Kamaru da Zakuma a Chadi. Ke nan da na Kure sun ƙare, irin ya tafi ke nan har abada.

To, me ya hana su ƙarewa?

Hukuma ta yi nata. Dokar farauta da kare namun daji ta 1998 ta sanya raƙumin dawa cikin dabbobin da aka haramta kashewa kwata-kwata, wanda ya kashe kuwa ɗauri ne da tara. Masu bincike su ma sun yi nasu, irin su Isabelle Ciofolo, Bafaranshiyar da ta shafe shekaru a yankin tana bin sawun dabbobin tana rubuta halayensu. Sai dai malaman daji 'yan ƙalilan ne, ƙasar da raƙuman ke yawo a cikinta kuwa faɗi ne da ita, ƙauyuka birjik. Babu yadda za a yi a tsare dabbar da ke kwana a bayan gari idan mutanen garin ba su so ba. Mafarauci baƙo ba ya shiga daji sai da ɗan gari, ba ya kuma fita da nama a rasa wanda ya gan shi. Don haka aikin gaske a ƙofar gidan mai gari aka yi shi, da dandalin samari, da wajen taron mata.

Samarin ƙauyukan yankin suka kafa ƙungiyar 'yan rakiya. Baƙo ya zo daga Yamai, ya biya kuɗin shiga, a haɗa shi da ɗan rakiya, su bi hanyoyin amalanke suna tambayar manoma da makiyaya inda aka ga garke da safe. Saurayin da a da zai tafi ci-rani Kwatano ko Legas, sai ga shi yana ciyar da gidansa da sanin dajin garinsu. Wata ƙungiyar kuma, ta ceton raƙuman dawan Nijar da aka fi sani da ASGN, wadda gidan namun daji na Doué-la-Fontaine a Faransa ya daɗe yana tallafa wa, ta bi ta wata hanya. Ta riƙa ba mata ƙananan rance su sayi rago su yi kiwo ko su ja jarin ƙaramar sana'a, ta haƙa rijiyoyi, ta kuma riƙa zagaya ƙauyuka tana bayani. Saƙon a fili yake: wannan alheri ya zo garinku ne saboda dabbar nan, ku riƙe ta. Matar da ta biya bashinta ta sayar da ragonta da riba gab da Babbar Salla, ba ta bukatar dogon wa'azi a kan amfanin raƙumin dawa.

A nan ya kamata a tsaya a faɗi abin da masu ɗaukar hoto ba su cika faɗa ba. Zama da raƙumin dawa yana da tsada, kuma talaka ne ke biya.

Gero bai dame shi sosai ba, ko da yake yana tattake shi idan ya ratsa gona. Wake ne abin sonsa. Manomin Sahel kuwa wake shi ne kuɗinsa: gero na rumbu ne, wake na kasuwa, da shi ake sayen magani da tufafin yara, da shi ake biyan bashin damina. Harawar ma kuɗi ce da rani. Al'adar manoma ce su ɗaure harawa dami-dami su ɗora a kan itace ko rumfa don kada awaki da shanu su kai gare ta. Wannan dabara ta yi maganin akuya, amma ga dabbar da namijinta ke haura mita 5, mai harshen da ya kusa rabin mita, an ajiye mata abinci ne daidai bakinta. Da rani kuma, idan suka gangara kwari, sai su faɗa wa lambunan mangwaro, su cinye fure da 'ya'ya, galibi da dare lokacin da mai lambu ke barci. Gari ya waye, mutum ya tarar da wahalarsa ta watanni ta tafi. Doka ta hana shi taɓa dabbar, amma dokar ba ta mayar masa da wakensa ba.

Manoma sun nemo dabarunsu. Wasu na gaggauta roron wake su kwashe zuwa gida maimakon su bar shi a gona. Wasu masu lambu na haƙa rami su kewaye itatuwansu, domin raƙumin dawa ba ya son tsallake rami. Wasu kuwa kwana suke a gona. Duk wannan ƙarin aiki ne a kan mutumin da aikinsa ya riga ya yi masa yawa. Ana yawan yaba wa mutanen Kure da haƙuri, kuma sun cancanci yabon. Amma duk wani shiri na kare namun daji da ya ɗauki haƙurin manomi a matsayin abin da za a samu kullum kyauta, ya yi zalunci, kuma ba zai ɗore ba. Rijiyar da aka haƙa wa gari ta kowa ce, asarar wake kuwa ta mutum ɗaya ce, wanda gonarsa ta faɗo a kan hanyar garke. Duk wanda ke tsara irin wannan aiki daga ofis, ya dace ya fara zama da wannan mutumin ya ji ta bakinsa, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Duk da haka mutanen suka riƙe amana, sakamakon kuma ya fito a ƙidaya. Kowace damina, lokacin da dabbobin ke taruwa a kan tudu, malaman daji da 'yan rakiya da masu bincike kan fita su ɗauki hoton kowane raƙumin dawa ta gefen dama da ta gefen hagu. Zanen jikin kowanne daban yake, ba ya kuma sauyawa har ya mutu, don haka ana gane su ɗaya bayan ɗaya, a san wacce ta haihu, a san wanda ya ɓace. Ɗan rakiyar da ya daɗe a aikin yakan gane wasunsu da ido tun daga nesa. Daga 49 a 1996, ƙidayar 2017 ta ba da 607. Sun ninka fiye da sau 12 cikin shekara 21. Wani abin da ya taimaka shi ne babu zaki a yankin, an daɗe da gamawa da shi, don haka jarirai da yawa suna rayuwa. A 2008 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya su cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa, a 2018 kuma ta sassauta matsayin nasu zuwa mataki na ƙasa da wannan. Hakan ya faru ne a lokacin da raƙuman dawan Afirka baki ɗaya suka ragu da kusan kashi 40 cikin 100 tsakanin 1985 da 2015.

Yanzu da bindiga ta yi shiru, gatari ne abin tsoro.

Rayuwar raƙumin dawan Kure a kan wurare biyu take. Da damina yana kan tudu, cikin wani irin daji wanda idan aka dube shi daga jirgin sama za a ga layi-layi ne: layin itatuwa masu duhu, sai fili fako, sai wani layin itatuwan. Akwai hikima a cikin wannan tsari. Ruwan sama a nan kaɗan ne, ba zai ishi itatuwa su rufe ko'ina ba. Idan aka yi ruwa, fakon ba ya sha, sai ruwan ya gangara a hankali ya taru a gindin layin itatuwan da ke ƙasa da shi, inda ganye da saiwoyi suka sassauta ƙasa. Ta haka geza da sabara da anza da itatuwan ƙaya ke samun ruwan da ya ninka wanda ya zubo a kansu. Idan aka sare layi ɗaya, ruwan ba ya samun abin da zai tare shi. Sai ya kwarara da ƙarfi, ya kwashe ƙasa, ya yanka kwazazzabo, ya je ya binne gonakin da ke gangare da yashi. Wurin da aka sare kuwa ba ya farfaɗowa da kansa cikin sauƙi.

Su wa ke saran? Yamai birni ne da mutanensa suka haura miliyan ɗaya tun ƙidayar 2012, kuma yawancin gidajensa da itace suke girki. Duk wanda ya bi hanyar Dosso ya ga tulin itace a bakin titi, ya ga motoci da amalanke ɗauke da shi sun nufi birni. Mai saran ba mugu ba ne, magidanci ne da gero ya ƙare masa tun kafin bazara. Ga kuma neman sabuwar gona: al'ummar Nijar ba ta kai miliyan 4 ba a 1960, yau ta haura miliyan 25. Shi ya sa ayyukan da suka fi amfani a yankin su ne waɗanda ke biyan mutanen gari su haƙa ramukan nan masu siffar rabin wata a kan fako, su tare ruwa, su shuka ciyawa da itace a ciki. Magidanci ya sami kuɗin cefane a lokacin da ya fi bukata, ƙasa kuma ta fara dawowa.

Da rani kuma, idan tudu ya bushe, garken kan gangara Dallol Boso, wajen Harikanasu da kewaye. Tsohon kwarin kogi ne da ruwa ke kusa a ƙarƙashin ƙasa, kuma cike yake da gawo. Manomin ƙasar Hausa ba ya bukatar a gabatar masa da gawo. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana a ƙarƙashinsa, ya kuma yi kore shar da rani lokacin da sauran itatuwa suka zama ƙirare. Ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa abincin tumaki ne, geron gindinsa ya fi na fili kyau. Tarihin baka na Damagaram ya riƙe cewa sarakunanta na ƙarni na 19 sun kafa doka mai tsanani a kan saran gawo. Wannan itacen ne ke riƙe raƙuman dawa tsawon rani. Ba a cikin gandun hukuma yake ba, a gonakin mutane yake. Makiyayi yana sassabe rassansa ya ba dabbobinsa, mai gona yana iya barin ƙaramin gawo ya girma ko ya tumɓuke shi lokacin sharar gona. Abincin raƙumin dawa na shekara ashirin masu zuwa yana hannun mai gona a ranar da ya fita sassabe.

Kuma Nijar ta riga ta nuna cewa wannan hannu yana iya gyara. Tun daga shekarun 1980, manoma a jihar Maraɗi suka fara barin tohon kututturan da ke gonakinsu, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su rage sauran, maimakon su sare su ƙone duka. Tony Rinaudo, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar, amma manoma ne suka ɗauke ta daga gona zuwa gona har ta kai Damagaram da sauran wurare. Masana sun ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 ne suka dawo a kan hekta miliyan 5. Abin da ya ba dabarar ƙarfi shi ne da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba na malamin daji ba. Keɓe wuri don amfanin kowa ma ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa, tunda kakanni sun bar hurumi a bayan gari, sun bar burtali da mashaya, kuma mai gari ne ke tsare su.

Da garken ya yawaita, sai wata damuwa ta taso. Dukkan irin yana wuri ɗaya. Annoba ɗaya, ko fari mai tsanani, ko tashin hankali, na iya shafe aikin shekara ashirin. Don haka a watan Nuwamba na 2018 hukumomin Nijar, tare da ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund, suka kama matasan raƙuman dawa 8. Wannan karon da likitocin dabbobi aka yi. Aka tsare su a cikin wani shinge na musamman na makonni har suka natsu, sannan aka ɗora su a manyan motoci aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su zuwa gandun Gadabeji da ke gundumar Dakoro a jihar Maraɗi. An keɓe Gadabeji tun 1955, faɗinsa hekta 76,000, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren da take kulawa da su a 2017. Raƙumin dawa ya ɓace daga can tun farin shekarun 1970. Kafin a kawo su sai da aka zauna da shugabannin Fulani da Buzayen yankin, aka kuma ɗauki 'ya'yansu aikin sa ido. A 2022 aka ƙaro wasu 4, kuma waɗanda aka fara kaiwa sun haihu a can. Yaran makiyayan Dakoro yau suna ganin dabbar da a da sai dai su ji labarinta a bakin kakanninsu.

Sai dai Kure ta ga baƙar rana. Ranar 9 ga Agusta, 2020, 'yan bindiga a kan babura suka tare wata mota a yankin suka kashe mutum 8: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu ɗan Nijar, da ɗan rakiyarsu, wanda shi ne shugaban ƙungiyar 'yan rakiya ta Kure, mutumin da ya ba da shekarun ƙuruciyarsa ga wannan aiki. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Daga ranar ƙafar baƙi ta ɗauke. 'Yan rakiya suka rasa abin yi, masu sayar da abinci da 'yan tsarabobi suka rasa ciniki. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 kuma ƙasashen waje da dama suka dakatar da tallafin da suke ba Nijar. Raƙuman dawa ba su daina cin wake ba, amma kuɗin da ke sanyaya zuciyar mai waken ya ragu ƙwarai. Tsarin da ya dogara kacokan ga baƙon da zai zo daga Turai, rana ɗaya tana iya karya shi. Ɗaliban makarantun Yamai da Dosso, da ma'aikata, da 'yan kasuwar ƙasar, su ne baƙin da ya kamata a gina wannan harka a kansu idan tsaro ya samu, kuma baitulmalin ƙasa ya kamata ya ɗauki nauyin asarar manomi, tunda dabbar ta zama abin alfaharin Nijar duka.

A Najeriya labarin ya sha bamban. Gandun Yankari a jihar Bauci, wanda aka keɓe a 1956, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, yana da iyaka da masu gadi, amma hakan bai hana raƙuman dawansa ƙarewa ba. Waɗanda ake gani a gandun Sumu, a jihar ta Bauci, daga Namibiya aka kawo su a 2006, irin kudancin Afirka ne. Giwayen Yankari ma sun kusa bin sahu saboda masu neman haure. Abin ya fara sauƙi ne bayan 2014, da gwamnatin jihar ta haɗa hannu da ƙungiyar kare namun daji ta WCS aka gyara aikin sintiri, aka kuma ɗauki mutane daga ƙauyukan da ke kewaye a matsayin masu lura da giwaye, suna buga waya da zarar garke ya doshi gonaki. Can ma sai da aka koma wajen mutanen gari.

Akwai kuma abin da ya shafi masu sauraronmu na kan iyaka kai tsaye. Yanzu da suka yi yawa, raƙuman dawan Nijar sun fara nisa da Kure. Ana ganinsu wajen Dogon Dutsi da Gaya, an kuma maƙala wa wasu ƙananan na'urori masu aiki da hasken rana don a riƙa bin tafiyarsu. Daga can zuwa ƙasar Kabi da Sakkwato ba nisa, kuma an taɓa samun waɗanda suka tsallaka. Idan raƙumin dawa ya ɓullo a garinku, ku sani ba ya neman mutum da faɗa. Kada a bi shi da babura ko karnuka, domin gudu mai tsawo da firgita na iya kashe shi. Kada a bar yara su matsa kusa, musamman idan mace ce da ɗanta, saboda harbin ƙafarsa yana karya zaki. Direbobi su rage gudu idan sun hango shi a bakin titi, don mota na cikin abubuwan da ke kashe su a hanyar Yamai zuwa Dosso. A kwashe wake da harawa a shigar da su gida, a sanar da mai gari, shi kuma ya sanar da malaman daji mafi kusa. Wanda ke da waya ya ɗauki hotonsa daga nesa, ta dama da ta hagu, ya miƙa wa malaman, domin da wannan hoton masu ƙidaya za su iya gane ko wanne ne daga cikin garken.